Wai da gaske Tupac ya dawo? Sirrin mawaƙan da ake tayarwa a kan dandamali bayan sun mutu



Akwai wani bidiyo da ya ƙi tsufa. Duk bayan 'yan watanni sai wani ya tono shi ya sake watsawa a WhatsApp ko TikTok: ga Tupac Shakur tsaye a kan dandamali, ba riga, sarƙa tana lilo a wuyansa, yana zuba waƙa shi da Snoop Dogg a gaban dubban mutane. Inda gizo ke saƙar shi ne, an ɗauki bidiyon a shekarar 2012, alhali shi Tupac tun ranar 7 ga Satumba 1996 aka harbe shi a Las Vegas, ya cika bayan kwana shida yana ɗan shekara 25.

Da zarar bidiyon ya zagayo sai ka ga samari sun rabu gida uku. Wasu su ce ai dama mun faɗa, mutumin nan bai mutu ba, yana can ƙasar Kuba a ɓoye. Wasu su ce aikin 'yan Illuminati ne, aljani aka kira ya shiga siffarsa. Sai kuma 'yan gaye masu ganin sun waye su taɓe baki su ce, haba, ai hologiram ne. To duka ukun babu wanda ya canka. Abin da aka yi a daren nan tsohon rufa ido ne na 'yan wasan dandamali, wanda a lokacin ma ya kai shekara 150 da fitowa, kuma kayan aikinsa na asali gilashi ne da fitila.

Ga yadda abin ya faru. Ranar 15 ga Afrilu 2012 ne, a bikin waƙoƙi na Coachella da ake yi duk shekara a garin Indio, cikin hamadar Kalifoniya ta Amurka. Dr. Dre da Snoop Dogg ne manyan baƙin da za su rufe taro. Ana tsakiyar wasa sai aka rage fitilu, kawai sai ga Tupac ya taso kamar daga ƙarƙashin dandamali. Ya gaisa da Dre, ya gaisa da Snoop, ya juyo ya kira sunan Coachella da ƙarfi har da ɗan ashar irin nasa. Ya yi "Hail Mary", suka yi "2 of Amerikaz Most Wanted" shi da Snoop, daga nan ya tarwatse ya zama haske ya ɓace. Duk abin 'yan mintuna ne.

Ku lura da wannan kiran suna da ya yi, don za mu dawo kansa. A 1999 aka fara bikin Coachella, shekara uku bayan mutuwar Tupac. Ke nan ba wani tsohon kaset aka ɗauko aka haska ba. Sabon abu aka ƙera.

Kafin mu je can, bari mu fara da gilashin. Ka taɓa shiga mota da daddare, direba ya kunna fitilar ciki, ka kalli taga? Kana hango fitilun titi da shaguna suna wucewa, kuma a lokaci guda ga fuskarka nan a jikin gilashin, kamar tana shawagi a waje. Dalili shi ne gilashi aiki biyu yake yi. Yana barin yawancin haske ya ratsa shi ya wuce, amma yana mayar da wani ɗan kaso baya kamar madubi. Da rana hasken waje ya fi ƙarfi, shi ya sa ba ka ganin kanka. Da dare kuwa waje ya yi duhu, kai kana cikin haske, sai hotonka ya fito. Ido kuma ba ya iya rarrabe hasken da ya ratso da wanda ya dawo. Haɗa su yake yi ya kai wa ƙwaƙwalwa a matsayin abu ɗaya.

Yanzu ka ɗauki ƙaton gilashi mai tsabta wanda ba ƙura ko ɗigo a jikinsa, ka kafa shi tsakanin 'yan kallo da dandamali, ka karkata shi. Ka ɓoye mutum a wani rami a gaban dandamalin inda 'yan kallo ba sa ganinsa, ka lulluɓe ramin da baƙin ƙyalle, ka dallare mutumin da fitila mai ƙarfi. Hotonsa zai bugi gilashin ya nufi idon masu kallo. Su ba su san da gilashin ba, abin da kawai za su gani shi ne mutum tsaye a tsakiyar dandamali, ana hango kujera da bango ta cikin jikinsa. A ƙara wa fitilar ƙarfi, ya ƙara fitowa sosai. A rage ta, ya dushe. A kashe ta, ya ɓace ɓat. Shi ke nan fa, fatalwa ta samu.

Turawa suna kiran wannan dabara da sunan Fatalwar Pepper, kuma ko a sunan nan akwai rigima. Wanda ya fara tsara abin wani injiniya ne ɗan Liverpool mai suna Henry Dircks, a wajejen 1858. Sai dai irin tsarinsa yana buƙatar a rushe gidan wasa a sake gina shi, don haka masu gidajen wasa suka ce a kai kasuwa. Sai ya haɗu da John Henry Pepper, malamin kimiyya mai nuna wa jama'a abubuwan ban mamaki a wata cibiya da ake kira Royal Polytechnic a Landan. Pepper ne ya gano cewa in aka karkata gilashin aka sa ɗan wasan a ramin makaɗa da ke gaban dandamali, kowane gidan wasa zai iya yi ba sai an rushe komai ba. Ranar 24 ga Disamba 1862 suka fara nunawa, a wani wasa da aka ciro daga labarin Charles Dickens mai suna The Haunted Man. Ƙwarangwal ne ya bayyana a gaban mutane. An ce da Pepper ya yi niyyar in an gama ya fito ya yi wa jama'a bayanin yadda aka yi, tunda shi malami ne, amma da ya ga yadda mutane suka ƙame sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Kuɗi ya gani, malam.

A 1863 suka yi rajistar fasahar da sunansu su biyu, amma bakin duniya ya riga ya ce Fatalwar Pepper. Dircks ya yi ta ƙorafi har littafi ya rubuta a kan shi ne mai abin, amma ina, wanda ya tsaya a gaban jama'a shi aka sani. Wannan ciwon duk marubucin waƙa ko mai haɗa kiɗa a situdiyo ya san shi.

A wancan zamanin babu lantarki a gidajen wasa. Fitilar da suke amfani da ita dunƙulen farar ƙasa ne da ake gasawa da harshen wutar gas har ya yi fari fat yana ƙyalli. Ka yi tunanin ɗan wasan da ke cikin rami, ga zafi, ga haske a ido, kuma ba ya ganin abokin wasansa. Shi ma na saman ba ya ganin fatalwar da ake so ya soka wa takobi, don 'yan kallo kaɗai hoton ke zuwar wa. Sai dai a yi masa alama a ƙasa, a ce in ka zo nan ka kai sara. Gilashin kuma yana tare murya, shi ya sa yawancin irin wannan wasa ba a cika magana a ciki ba.

To a Coachella abu biyu kawai aka canja. Maimakon gilashi mai nauyi da saurin fashewa, aka yi amfani da wata siririyar leda mai ɗauke ido da ake kira Mylar, aka ɗaure ta tamau a karkace, kusurwar digiri 45. Maimakon mutum a rami, aka rataye majigi mai ƙarfi a sama yana hasko bidiyo ƙasa kan wani farin shimfiɗi, hoton ya tashi daga nan ya bugi ledar ya nufi 'yan kallo. Kamfanin AV Concepts ne ya kafa kayan, da fasahar wani kamfanin Landan mai suna Musion. Snoop yana bayan ledar, kuma kamar ɗan wasan 1862, ba ya ganin Tupac yadda jama'a ke ganinsa. Atisaye ya yi ya haddace inda zai tsaya da inda zai juya ya kalla. In ka sake kallon bidiyon ka lura, ba su taɓa rungumar juna ko tafawa ba, kuma Tupac hagu da dama yake ta zirga-zirga, ba ya matsowa bakin dandamali ya miƙa wa 'yan gaba hannu. Ba zai iya ba, don hoton shafaffe ne kamar na talabijin. Baƙin da ke bayansa ne ke sa ido ya ɗauka yana da kauri.

Shi ya sa ma kalmar hologiram ba ta dace da shi ba. Hologiram na gaskiya wani abu ne daban, wanda Dennis Gabor ɗan asalin ƙasar Hangari ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940, har ya ci kyautar Nobel a 1971. Shi ne irin ɗan hoton nan mai walƙiya da ke jikin wasu katunan banki, wanda in ka karkata shi sai ka ga kamar yana da zurfi. 'Yan jarida da 'yan talla ne suka ga kalmar ta fi daɗin faɗa suka liƙa wa abin Tupac, ta kuma zauna. Ni ma nan gaba da ita zan riƙa kiransa don mu fahimci juna.

Aikin da ya fi wuya ba ledar ba ce, shi kansa Tupac ɗin ne. Kamfanin Digital Domain ne ya ƙera shi a kwamfuta, kamfanin da James Cameron yana cikin waɗanda suka kafa shi, wanda ya yi aiki a Titanic, kuma ya ci Oscar da fim ɗin Benjamin Button, wancan da aka haifi Brad Pitt tsoho yana girma yana komawa yaro. Sun bi hotuna da bidiyoyinsa suka gina fuskar, da zanen da ke cikinsa, da yadda yake ɗaga kafaɗa. Rahotanni a lokacin sun ce irin wannan aiki yana cin tsakanin dala dubu 100 zuwa dubu 400. Abin dariya kuma abin tausayi, wata biyar bayan duniya ta gama tafa musu, a Satumban 2012, kamfanin ya shigar da takardar karyewar arziki.

Wanda zai yi mamakin yadda 'yan fim suka tsunduma cikin sana'ar 'yan dabo, to ya sani dama can gida ɗaya suka fito. Georges Méliès, Bafaranshen da ake kira uban dabarun fim, ɗan dabo ne mai gidan wasa a birnin Paris kafin ya taɓa riƙe kyamara. Da ya ga nunin 'yan gidan Lumière a ƙarshen 1895 sai ya gane cewa wannan na'ura ta fi duk akwatunansa iya rufa ido. A 1896 ya yi wani ɗan gajeren fim inda ya lulluɓe mace da mayafi ta ɓace. A dandamali sai an yi ƙofa a ƙasa kafin a yi haka. A fim kuwa tsayar da kyamara kawai ya yi, matar ta tashi ta fita, ya ci gaba da ɗauka. Duk bokan da ka taɓa gani ya ɓace ɓat a fim ɗin Hausa, duk aljanar da ta bayyana a tsakar ɗaki da ƙarar tsawa, wannan dabarar ce, ba a canja mata komai ba. Ita kanta kalmar majigi da kakanninmu suka raɗa wa sinimar da Turawan mulkin mallaka ke yawo da ita a mota gari-gari, daga kalmar Turanci ta "magic" ta samo asali, sunan wata tsohuwar fitilar haska hotuna a bango. Wasu ma dodon bango suka riƙa kiran abin. Ka ga ashe gardamar aljani ne ko ba aljani ba ce, ba a kan Tupac aka fara ta ba.

Fatalwar Pepper kuma ba ta taɓa barin aiki ba tsakanin 1862 da 2012. Fatalwowin da ke rawa a gidan tsoro na Disneyland tun 1969 ita ce. Mai karanta labarai da kake gani yana kallon cikin idonka yana zuba ba ya duba takarda, gilashi ne a karkace a gaban kyamara yake nuna masa rubutun, kyamarar kuma tana ɗaukarsa ta cikin gilashin ba ta ganin rubutun. Ƙungiyar Gorillaz, waɗanda mawaƙansu zanen katun ne, da ita suka hau dandamali da Madonna a bikin Grammy na 2006. Har siyasa ta shiga: a Disamban 2012, lokacin yana neman komawa kujerar babban ministan jihar Gujarat, Narendra Modi na Indiya ya yi jawabi a wurare 53 a lokaci guda da wannan dabara, har ya shiga kundin Guinness. Allah Ya sa 'yan siyasarmu ba su karanta wannan ba.

Sai Michael Jackson, wanda shi dama tun yana raye abokin 'yan rufa ido ne. Kowa ya san karkatar nan ta "Smooth Criminal", inda yake zubowa gaba jikinsa a miƙe sambal kamar zai faɗi amma bai faɗi ba. Yara nawa ne suka fasa haɓa wajen gwadawa? A bidiyon waƙar da waya aka riƙe shi. A gaban jama'a kuwa ba damar sa waya, sai shi da masu ɗinka masa kaya biyu, Michael Bush da Dennis Tompkins, suka ƙera takalmi mai tsaga a dunduniya. In lokacin ya yi sai wani ƙarfe ya ɓullo daga ƙasan dandamali, ya zura dunduniyar ta maƙale, ya karkata, ya dawo, ya zare ƙafa, ƙarfen ya koma. A 1993 hukumar Amurka ta ba su takardar mallakar wannan fasaha, da sunansa a jiki. Amma kar ka raina, ko an ba ka takalmin sai kana da ƙarfin agara da na baya kafin ka iya dawowa tsaye.

Wannan shi ya zaɓa, shi ya sa hannu, shi ya sha wahalar atisaye. Abin da aka yi ranar 18 ga Mayu 2014 daban ne. Shekara kusan biyar bayan rasuwarsa, a bikin Billboard a Las Vegas, aka buɗe labule sai ga shi zaune a kan karaga, ya sauko ya yi rawa da "Slave to the Rhythm", waƙar da ba a fitar ba sai bayan mutuwarsa a kundin Xscape. Kwanaki kaɗan kafin bikin ma sai da aka je kotu, wasu kamfanoni suna cewa fasaharsu ce za a yi amfani da ita ba izini, alƙali ya ce a bari a yi. Ku duba fa, ana shari'a a kan wa ke da ledar da majigin. Mai fuskar kuwa yana kabari.

A nan ne ni abin ya daina ba ni dariya. Ɗan dabon kasuwa da ke fito da ƙwai daga kunnen yaro, da shi da masu kallonsa akwai yarjejeniya: ka san zai yaudari idonka, don haka ma ka tsaya, in ya burge ka ka jefa masa wani abu. Ba wanda aka cuta. Amma a wasan mamaci akwai mutum na uku da ba a tambaya ba. Mu koma kan kiran sunan Coachella. Tupac bai taɓa furta wannan gaisuwa ga wannan taro ba, sa masa aka yi a baki. A wannan karon gaisuwa ce kawai, kuma mahaifiyarsa Afeni Shakur ta amince da wasan. To in an iya sa shi ya yi gaisuwa, me zai hana gobe a sa shi tallan lemo, ko ya ɗaga hannun ɗan takara, ko ya yi waƙa da wanda suka mutu ba sa ga maciji?

Wasu taurarin sun hango haka tun da wuri. An tambayi Prince a wata hira a 1998 ko zai so a haɗa shi wasa da wani mawaƙin da ya mutu ta hanyar na'ura, ya ce sam, a wurinsa wannan aikin shaiɗan ne, kuma kar a kuskura a yi masa. Ya rasu a 2016. Da aka fara raɗe-raɗin Justin Timberlake zai fito da hologiram ɗinsa a wasan Super Bowl na 2018 a Minneapolis, garin Prince ɗin, masoyansa da tsohuwar abokiyar aikinsa Sheila E. suka yi ca. A ƙarshe tsohon bidiyonsa aka haska a jikin wani ƙaton ƙyalle, kuma ko hakan bai yi wa wasu daɗi ba. Robin Williams na fim ɗin Jumanji, wanda ya rasu a 2014, shi a rubuce ya bari cewa kar a yi kasuwanci da siffarsa sai bayan shekara 25 da mutuwarsa. Amy Winehouse ba ta bar irin wannan ba. Mahaifinta ya sanar a 2018 cewa za a zagaya duniya da hologiram ɗinta, mutane suka ce yarinyar da shahara ta gallaba tana raye, a bar ta ta huta mana. A farkon 2019 aka jingine shirin.

Na Whitney Houston kuwa an yi, an fara a Ingila a Fabrairun 2020. Larabawa ma sun shiga layi: Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu tun 1975, an tsayar da ita tana waƙa a Al-Ula ta ƙasar Saudiyya a 2019, da makaɗa na gaske a bayanta.

Ba zan ce duk abin banza ne ba. Wanda aka haifa bayan 1996 bai da wata hanyar ganin Tupac a dandamali, kuma na ga bidiyon mutane suna hawaye a irin waɗannan wurare, hawayen kuma na gaske ne. Haka wanda ya kalli ƙarshen Furious 7 ya san yadda ya ji, alhali Paul Walker ya rasu a haɗarin mota a 2013 ana tsakiyar ɗaukar fim ɗin, ƙannensa biyu Caleb da Cody ne suka tsaya a madadinsa aka ɗora musu fuskarsa da kwamfuta. Amma can aikin da ya fara da kansa aka ƙarasa masa, aka kuma yi masa sallama ta mutunci. Wanda ya fi kwanta min a rai shi ne na ABBA, 'yan ƙasar Suwidin, da aka buɗe a Landan a Mayun 2022. Su huɗun suna raye, sun tsufa, suka sa kayan ɗaukar motsi suka yi waƙoƙinsu a gaban kyamarori 160, kamfanin da ya yi dabarun Star Wars ya mayar da su samari da 'yan mata kamar a shekarun 1970. Nasu ma ba Fatalwar Pepper ba ce, wani makeken allo ne mai tsananin kyau da aka haɗa haskensa da fitilun zauren har ido ya kasa gane inda allon ya ƙare. Su suka zaɓi waƙoƙin, su suka ce e, kuma aljihunsu kuɗin ke shiga.

Yanzu mu juyo gida. A ce gobe wani mai kuɗi ya kama babban zaure a Kano ko Abuja ya ce zai tsayar da Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da makaɗan kalangu na gaske da 'yan amshi. Ko a fito da marigayi Rabilu Musa Ibro, ko Ahmad S. Nuhu, Allah Ya jiƙansu. Kar mu yaudari kanmu, tikiti zai ƙare. Amma wa zai ba da izini, a gidan da magada suke da yawa? In ɗaya ya yarda sauran suka ƙi fa? Wa zai zaɓi abin da za a sa a bakinsa? Shata mutum ne da ya yi wa wanda ya ga dama waƙa, ya kuma yi wa wanda ya ga dama zambo. In aka sa muryarsa tana wasa wani attajirin da bai taɓa sani ba, waƙar wa ke nan? Ga kuma abin da kowa ya sani a al'adarmu da addininmu: wanda ya riga mu gidan gaskiya addu'a yake buƙata a wurinmu, kuma akwai mawaƙa da 'yan fim da yawa da suka yi fatan a daina yaɗa wasu ayyukansu tun suna raye. Wanda ya mutu da irin wannan niyya a zuciyarsa ba shi da bakin da zai faɗa.

Kuma kar wani ya ce ai wannan sai Turai, ina muka ga dala dubu ɗari huɗu. Ledar da majigin ne masu tsada. Ɓangaren sa wa mutum magana a baki ya riga ya faɗo warwas, yana cikin wayar kowa. A Afrilun 2023 wata waƙa mai suna "Heart on My Sleeve" ta karaɗe intanet da muryar Drake da The Weeknd, miliyoyi suka saurara kafin a sauke ta, alhali babu ɗayansu da ya shiga situdiyo, ƙirƙirarriyar basira ce ta kwaikwayi muryoyin. A shekarar ne 'yan wasan Hollywood suka yi yajin aiki na wata kusan huɗu, kuma cikin manyan buƙatunsu har da kar a kwafi fuska da muryar ɗan wasa ba da yardarsa ba. A 2024 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta hana a ƙera kwafin ɗan wasan da ya mutu a fim ko waƙa sai da izinin magadansa. Mu a nan, mawaƙi nawa ne ko jarumi nawa ya taɓa zama ya rubuta abin da ya yarda a yi da muryarsa bayan ransa? Masu sana'ar da ke karanta mu, wannan tambayar taku ce, kuma gara a amsa ta tun ana iya sa hannu a takarda.

Wanda kuma har yanzu yake da ja a kan maganar gilashi, ga aikin gida. Ka samo roba mai garai-garai, irin murfin kwalin CD ko ledar nan mai tauri da ake rufe littafi da ita. Ka yanka guda huɗu iri ɗaya, kowanne faɗin ƙasansa santimita 6, samansa santimita 1, tsayinsa santimita 3 da rabi. Ka haɗa gefunansu da salatif su zama kamar ɗan mazurari mai kusurwa huɗu. Ka nemi bidiyon da aka yi don wannan a YouTube, za ka ga hoto ɗaya an jera shi sau huɗu a kan baƙi. Ka kwantar da wayar, ka ɗora mazurarin a tsakiyar fuskarta, ƙaramin bakin a ƙasa, ka ƙure hasken wayar, ka kashe fitilar ɗaki, sannan ka sunkuyo ka kalla ta gefe daidai tsayin robar. Za ka ga kifi ko malam-buɗe-littafi yana yawo a tsakiya ba abin da ke riƙe da shi. In hoton ya fito biyu-biyu, robar ce ta yi kauri, ka nemi wadda ta fi ta siranta.